Yadda zaka haɗa teburin tsakiyar falo na ƙarfe da katako wanda hunturu bazai tsaga ba

Yanzu kusan duk wanda yazo shago da hoto a waya, musamman iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki, abu ɗaya suke nuna mana, tebur mai siraran ƙafafun ƙarfe baƙaƙe, samansa kuma katako mai kauri ana ganin jijiyarsa fes. Aikin a ido kamar ba wuya, shiyasa mai walda yake ganin zai iya shi kaɗai, kafinta ma haka. Amma abinda yake kashe irin wannan teburin ba walda bace ba kuma fenti ba, wurin da ƙarfen ya haɗu da katakon ne. Katako yana shan danshi ya kumbura da damina, idan iskar hunturu ta kaɗa ya tsuke, shi kuwa ƙarfe yana nan yadda ka barshi. In ka ɗaure su tamau ba wurin motsi toh katakon ne zai dare. Na farko da nayi haka ya faru dashi, nayi shi a watan Agusta, cikin Janairu mai gidan ya kirani yace da dare suka ji ƙara a falo, da safe suka ga tsaga tun daga wannan baki har kusan tsakiya. Na sake masa saman da kuɗina, tun daga ranar na canza yadda nake haɗawa.

Teburin da zamuyi tsawonsa inci 48, faɗi inci 24, tsayi daga ƙasa inci 17.

Kayan da zaka tanada

Ƙarfe: sikwaya fayif, wato bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai inci 1, kaurin jikinsa milimita 1.5, guda biyu. In a Kano kake Ƙofar Ruwa zaka nufa, 'yan Kaduna kuma Panteka. Kar ka yarda da baki kawai, ka ɗaga fayif ɗin kaji nauyinsa ka duba bakinsa, don akwai mai milimita 1 ko ƙasa da haka da ake miƙawa wanda bai sani ba, shi wannan kana ɗora masa wuta zai huje. Sai guntun fulat ba, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe, mai faɗin inci 1 kauri milimita 3, kamar ƙafa 2 ya isa.

Katako: falanki mai kaurin inci 2, faɗi 12, tsawo ƙafa 12, na maɗaci wato mahogani, ko iroko wanda wasu ke cewa loko. A 'Yan Katako ta Na'ibawa ana samu. Obece yana da sauƙin kuɗi amma laushi gareshi, ko mukulli aka jefa a kai sai ya bar shaida, bana sa shi a saman tebur.

Kayan aiki: injin walda da elektirod geji 12, giranda da faifan yanka da na gurza, injin huda, sikwayar auna kusurwa, tef, kulam wato abin matse katako aƙalla huɗu masu tsawon da zai rungumi inci 24, guduma, burushin waya. Sai farin gam na katako irin Top Bond, samfefa lamba 80 da 120 da 220, jan fentin hana tsatsa wato red oksad, baƙin fenti mara sheƙi, tina ta tsinka fenti, bodi fila ta cike ramuka kaɗan, sandin sila wato shafin farko da ake yiwa katako, da banish, sukuru masu inci 1 da wosha. Kar ka manta hular walda ta gaske da safar hannu da takunkumi. Baƙin gilashin kwalliya baya tare hasken walda, da rana bazaka ji komai ba, sai tsakar dare ka farka ido kamar an zuba maka yashi.

In baka da injin walda ba matsala, ka yanka ƙarfenka kayi alama ka kai wa mai walda, amma ka tsaya a kansa da sikwayarka a hannu.

1. Fara da katakon, ba da ƙarfen ba

Wannan matakin shine mafi tsawo kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Yawancin katakon da ke shigowa arewa daga kudu yake zuwa, daga daji mai ruwa, sau da yawa bai daɗe da fitowa daga injin tsaga ba. Mai sayarwa zai ce maka busasshe ne don waje ya bushe, cikin kuwa jiƙe yake sharkaf. Ka taɓa shi da bayan hannu, ɗanye yana da sanyi kuma yafi nauyi, in an yanki bakinsa garin da ke fita yana dunƙulewa a hannu maimakon ya watse.

Wajen zaɓa ka ɗaga falankin ta gefe ɗaya ka hango shi da ido ɗaya har ƙarshe, wanda ya murɗe kamar igiya ka ajiye shi ko nawa aka rage maka. Ka guji mai farin gefe da yawa, wannan farin shi ƙwaro ke fara ci, zaka ga ƙananan ramuka da gari yana zuba ƙarƙashin tebur bayan wata biyu.

A lissafi falanki ɗaya mai ƙafa 12 zai baka guda uku na inci 48 cif, amma bakinsa biyu kusan kullum a tsage suke kuma zarto ma yana cin nasa, don haka sayi biyu, ragowar kayi ƙananan teburan gefe guda biyu, dama da su ake jere.

Ka jera su a inuwa inda iska ke wucewa, ka ɗaga su daga ƙasa, ka sa ƙananan sanduna tsakanin falanki da falanki, ka ɗora bulo a sama, bakin kuma ka shafe shi da tsohon fenti don ta nan ruwa yafi saurin fita har ya tsaga. Kar ka shanya a rana kai tsaye wai don yayi sauri, banƙarewa zaiyi. Yadda nake gane ya isa, ina yankar guntu in kai wa mai sikeli duk sati in rubuta nauyin a jikinsa, ranar da naga sati biyu a jere bai ragu ba toh ya bushe daidai da garin. In aikin gaggawa ne biki ya matso, nemi tsohuwar ƙofa ko tsohon gado na mahogani wurin masu kayan gwanjo, wannan ya gama duk motsin da zaiyi na farko, ramukan ƙusa kawai zaka cike. In shima babu kayi da allon MDF mai rufi, wato na matsattsen garin katako, shi baya tsukewa haka amma ka gaya wa mai shi gaskiya, ruwa in ya shiga gefensa kumbura yake kuma baya komawa.

2. Zana shi a ƙasa da alli

Kafin ka yanka komai ka auna kujerun falon. Tebur yafi kyau in tsayinsa yazo daidai da mazaunin kujera ko ƙasa kaɗan, yawanci inci 16 zuwa 18, tsawonsa kuma wajen kashi biyu cikin uku na doguwar kujera. Ka zana girman a siminti ka zagaya shi kaga ko akwai hanyar wucewa, don falonmu ba kallo kawai ake ba, ana shimfiɗa ledar abinci, yara suna guje-guje, wani lokaci a matsar da tebur ayi sallah. Shiyasa ma bana son ƙarfe mai inci 2 a ƙaramin tebur, nauyi ne kawai kuma yana cinye kyan katakon.

Firam ɗin zai zama inci 44 da 20, wato katakon zai leƙo inci 2 ta kowane gefe. Tsayin ƙarfen inci 15 da rabi, in aka ɗora katakon da ya koma inci 1 da rabi bayan an fere shi a injin fulenin ya zama 17.

3. Yankan ƙarfe

Ƙafafun zobe biyu ne masu kusurwa huɗu, ɗaya a kowane ƙarshe. Ka yanka guda 4 masu inci 20, guda 4 masu inci 15 da rabi, duk bakinsu a karkace digiri 45 yadda in sun haɗu zasu rufe ramin fayif ɗin. Sai guda 3 masu inci 42 da baki miƙaƙƙe, biyu a sama ɗaya a ƙasa ta tsakiya. Gaba ɗaya inci 268 kenan, ya haura ƙafa 22, kaga dalilin da yasa fayif ɗaya mai wajen ƙafa 18 bazai isa ba.

In ka yanka na farko kayi amfani dashi wajen auna sauran 'yan uwansa, kar ka dinga komawa tef kowane lokaci. Ka haɗa su huɗu ka tsayar a ƙasa ka shafa da hannu, wanda ya ɗara ka gurje shi. Awon na dogon gefen karkacen ne, nan sababbi suke yawan kuskure su auna gajeren gefe. Kuma don Allah kar ka cire murfin giranda, faifai yana fashewa.

4. Walda

Ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe na gaske, teburin ƙarfe ko siminti mai kyau, in ka haɗa a ƙasa mai tudu da kwari haka teburin zai fito yana rawa. Goge man da ke jikin fayif da tina, ka bari ya bushe ka kuma nisanta gwangwanin tinar daga inda tartsatsi ke zuwa.

Jera zobe na farko, sa sikwaya a kusurwa, ka ɗosa walda kaɗan wato takin a kowace kusurwa, ɗigo ɗaya kawai. Sai ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, ka auna ɗayan gicciyen, dole suzo ɗaya. In sun saɓa ka ɗan buga doguwar kusurwar a ƙasa har su daidaita sannan ka ƙara takin ta ɗaya fuskar. Zobe na biyu ka ɗora shi kan na farko wajen haɗawa don su zama tagwaye. Daga nan ka kifa su, saman yana ƙasa, ka haɗa da masu inci 42 ɗin, nan ma takin kawai da awon gicciye.

Sai komai ya zauna zaka cika waldar. Wuta tana jan ƙarfe zuwa gefen da aka narka, don haka in ka zauna a kusurwa ɗaya ka cika ta duka firam ɗin zai karkace kana kallo. Kayi kaɗan nan ka tsallaka kusurwar da ke nesa, ka dawo. A irin wannan siririn fayif wutar wajen amfiya 60 zuwa 70 take min daidai, kuma ba jan layi nake ba, ɗigo nake ɗorawa kan ɗigo ina ɗagawa. Gwada a guntu tukun domin injina sun bambanta, wutar NEPA ma yau da ƙarfi gobe ba ƙarfi, ƙaramin janaretan gida kuwa bazai ɗauka ba. In ka huda kar ka tsorata, bari ya huce, kakkaɓe kashin waldar ka cike daga gefe. Kar ka zuba masa ruwa don ya huce da wuri.

Abu ɗaya kuma, in fayif ɗin galbanaiz ne mai farin rufi, ka gurje rufin daga inda zaka yi walda kuma kayi a fili, farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Madarar da ake cewa a sha bayan aiki bata hana komai, iska da takunkumi sune maganin.

5. Kunnuwan da zasu riƙe katakon

Nan ne zancen da na fara dashi. Katako ba ta tsawo yake tsukewa ba, ta faɗi ne, wato a gicciyen jijiyarsa. Inci 48 ɗin nan kusan haka zai zauna, amma inci 24 ɗin a garinmu tsakanin Agusta da Fabrairu na sha ganin ya motsa kwatan inci, wani lokaci fiye.

Yanka fulat ba guda 8 masu inci 2. Guda 2 ka huda musu rami ɗaya zagaye daidai sukuru, waɗannan zasu zauna a tsakiyar gajerun ƙarafan sama, ɗaya a kowane ƙarshe, sune zasu riƙe katakon a tsakiya kar ya gusa. Sauran 6 ɗin rami mai tsawo zaka yi musu kamar ƙwallon dabino, wajen rabin inci, ka huda ramuka biyu kusa da juna ka cinye tsakaninsu da fayil na gogar ƙarfe. Uku a jikin kowane dogon ƙarfe, ta ciki. Abin lura, tsawon ramin ya kalli faɗin tebur, daga gaba zuwa baya. Na sha ganin an wahala anyi ramin amma an juya shi ya bi tsawon tebur, toh wannan da shi da babu duk ɗaya. Ka yi waldarsu firam ɗin yana kife a shimfiɗaɗɗen wuri don suzo daidai da saman ƙarfen. In baka da fulat ba guntun angul ayon ma yanayi.

Tunda kana nan ka huda ƙarƙashin kowace kusurwa ta ƙasa ka liƙa noti da walda, daga baya ka ɗaura ƙafar roba mai zare, tayil ɗinmu ba kullum yake miƙe ba kuma ƙarfe tsirara yana karce shi. Ƙafar zata ƙara ɗan tsayi kaɗan, ba komai.

6. Gurza da fenti

Gurje waldar fuskokin da ake gani har su baje, amma a hankali, jikin fayif ɗin milimita 1.5 ne kawai, in ka matsa zaka cinye waldar da ƙarfen. Ta cikin kusurwa burushin waya ya isa. Ƙananan ramuka ka cike da bodi fila ka goge, fila gyaran fuska ne ba ƙarfi ba, kar ka rufe waldar da bata kama ba dashi. Goge duka da tina, red oksad shafi ɗaya ko biyu har da kunnuwan da ƙarƙashi, in ya bushe ka bi da samfefa mai laushi sannan baƙi shafi biyu sirara. In ba kwamfuresa fentin gwangwani na fesawa yana yi, ka riƙe shi nesa kamar taƙi ɗaya kana tafiya dashi. Ranar da ƙura ta taso kar kayi fenti a waje, da sassafe ka yayyafa ruwa a ƙasa kayi. Dole a gama fentin ƙarfe kafin katako ya hau, don tsatsa in ta haɗu da danshi baƙin tabo take yi a katako wanda samfefa bata fitarwa da sauƙi.

7. Haɗa saman

Kai falankin wurin masu injin fulenin su fere maka fuska biyu ya koma inci 1 da rabi, a tsaga guda 3 masu faɗin inci 8, tsawo ka bar 50 tukun. Uku masu inci 8 sunfi biyu masu 12 zama lafiya. Ka duba bakin kowanne zaka ga layukan itacen sun lanƙwasa kamar baka, ka jera ɗaya yana kallon sama na tsakiya ƙasa na uku sama, yadda in zasu banƙare bazasu tafi gefe ɗaya ba. Haɗa gefunan ba gam ka ɗaga wa haske, in haske yana ratsawa a mayar inji, gam baya cike gibi kuma matsi da ƙarfi baya gyara gefen da bai miƙe ba. Iroko yana da ɗan maiƙo, ka goge gefen da tina kafin gam.

Shafa gam, matse da kulam biyu ta ƙasa biyu ta sama har kaga gam ya ɗan fito a layin, goge da jiƙaƙƙen tsumma, barshi kwana ɗaya cur. In ba kulam, kafa katako biyu da ƙusa a kan benci tazararsu ta ɗan fi inci 24, ka sa allunan a tsakiya ka buga weji, wato guntun katako mai siririn baki, bibbiyu ta gefe, da haka muka koya kuma yana matsewa sosai, sai ka ɗora bulo a sama kar su tashi.

Washegari ka datse baki biyu ya zama 48. Samfefa 80, sai 120, sai 220, kullum kana bin jijiya, in ka gicciye sai an shafa banish karcen zai fito. Sa takunkumi musamman a iroko, ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, wasu har numfashi take kama musu. Kusurwoyin nan huɗu ka kashe musu kaifi sosai, tsayin teburin nan daidai goshin yaro mai koyon tafiya yake.

Sandin sila shafi biyu kana gogewa da 220 a tsakani, sai banish biyu ko uku. Yadda ka shafa sama haka zaka shafa ƙasa da bakin, adadi ɗaya. Masu tsimin banish suna barin ƙasa tsirara tunda ba a gani, sai ƙasan ya dinga shan iska saman baya sha, tebur ya koma kamar kwale-kwale. Kuma kar ka shafa baƙin mai wai don gara, wari zaiyi a falo kuma banish bazai kama ba, in kana tsoron ƙwaro sayi maganin katako mara kala ka shafa kafin sila.

8. Ɗaurawa

Shimfiɗa bargo, kifa katakon, ɗora firam ɗin, auna inci 2 ta kowane gefe. Fara da sukuru biyun tsakiya masu zagayen rami, ka ɗaure su sosai. Kafin kowane sukuru ka huda ƙaramin rami, ka naɗa salatif a jikin bakin injin huda daidai zurfin da kake so don kar ka ɓullo ta sama, mahogani da iroko in ba ka huda ba kan sukuru yake karyewa a ciki.

Sauran shidan inda zaka sa sukurun cikin dogon ramin ya danganta da lokacin. In da damina kake haɗawa katakon a kumbure yake, nan gaba tsukewa zaiyi zuwa tsakiya, toh sa sukurun ta ƙarshen ramin da ke wajen bakin tebur. In da hunturu ne ko bazara a tsuke yake, sa shi ta ƙarshen da ke kallon tsakiya. In kana shakka sa a tsakiyar ramin. Wosha a ƙarƙashin kowane kai, ka ɗaure da hannu har ya kama sannan ka sassauta kwatan juyi. Gam ko kaɗan kar ya shiga tsakanin ƙarfe da katako.

Juya shi, murɗa ƙafafun roba har ya daina rawa. In ka kai gidan ka roƙi uwargida kar a ajiye shi inda rana ke dukansa ta taga ko daf da bakin AC, kar a ɗora tukunya ko burner ta turaren wuta kai tsaye ba faifai, a goge da tsumma mai ɗan danshi kawai. Ni nakan koma bayan hunturun farko da sukundireba a aljihu, in kifa teburin in duba, zaka ga woshar ta bar ɗan sawu a jikin fentin inda ta ja, in wani sukuru yayi sako-sako ka ɗan ƙara masa, in wani ya kai ƙarshen raminsa ka cire shi ka sake huda masa wuri a tsakiya.